Masta Idirisu da Kwaɗon da Muka Cire

Ina shanya wanki a tsakar gidanmu a Choggu, da hantsin Talata, sai wayar mijina Samad ta yi ƙara a kan tabarma. Ya ɗauka, ya saurara, ya yi salati a hankali, sannan ya dube ni ya ce, "Masta ya tafi." Na tsaya da jiƙaƙƙen zane a hannu yana ɗiga a ƙafata. Kafin in sami bakin tambayar yaushe, ya riga ya sunkuya yana rubutu a zauren waya na ofis. Shi ya fara sanar da rasuwar. Ya rubuta cewa mun yi rashin uba, kuma duk abin da ya iya a hannun marigayi ya koya. Duka gaskiya ne. Na karanta ta bayan kafaɗarsa, na koma na ƙarasa shanyar, don ban san abin da zan yi da hannuwana ba.

Allah ya karɓi ran Masta Idirisu bayan jinyar kwana tara. Hawan jini ne ya kwantar da shi. Ya bar matarsa Mma Memuna da 'ya'ya huɗu. Daga Allah muke, kuma can za mu bi shi. Na rubuta wannan ne don waɗanda suka san shi, da kuma waɗanda ba su san komai a kansa ba sai magana ɗaya da ke yawo a Tamale tun bara, wai shi ne tsohon da kwamfutarsa ta kashe auren yarinyar Nyohini. Maganar ƙarya ce. Mu uku muka san yadda aka yi. Ɗaya an binne shi ranar Talata, ɗaya mijina ne, ni ce ta uku.

Shekara uku ke nan da babana ya kai ni ofishinsa, ɗaki biyu a saman wani shagon kayan gini a Tishigu, inda yake rubuta manhajar kwamfuta yana kuma koyar da masu so. Babana ya ce masa, "Masta, yarinyar nan tana iya zama wuri ɗaya awa biyar tana kallon rubutu. Ka duba ko za a mai da shi sana'a." Masta ya tambaye ni me nake karantawa. Na ce littattafan soyayya. Bai yi dariya ba. Ya ce, "To ai kin saba bin labari. Zauna." Ni kaɗai ce mace a cikin ɗalibansa shida.

Ba mutum ne mai sauƙi ba, kuma ba zan mai da shi mai sauƙi don ya rasu ba. Yakan karanta aikin yini guda, ya ɗaga gilashinsa zuwa goshi, ya ce, "Goge." Ba ya cewa yauwa, ba ya cewa sannu. In ka yi daidai, iyakar abin da za ka samu shi ne ya wuce zuwa teburin gaba bai ce komai ba. Amma kullum da safe za ka tarar da koko da ƙosai a bakin taga, na kowa a ƙulle daban, kuma ya san wanda ba ya shan sukari. Ranar da aka yi ruwa mai ƙarfi, ya bi ni a kan babur ɗinsa a bayan yalo-yalon da na hau, wato keken haya mai ƙafa uku, har ƙofar gidanmu, ya juya bai tsaya an gaishe shi ba. Yakan ce, "Kwamfuta ba ta ƙarya. Ƙaryarka take maimaitawa, da sauri." In wani ya ce masa ai na gwada ya yi aiki, sai ya ce, "Ya yi aiki a gabanka. Me yake yi in ka juya baya?"

Babban aikin ofis na wani Dokta ne mai ɗakunan gwajin jini, reshe biyar a cikin gari. Ba zan ambaci sunansa ko na wurin ba. Duk wanda aka ɗebi jininsa, ana manna sitika mai lamba a jikin kwalbar, a kai ta babban ɗakin gwaji. Can ba a san sunanka ba, lambarka aka sani. Da ita ake shigar da sakamako, da ita sakamakon ke dawo maka. Ɗan ƙaramin ɓangaren manhajar da ke fitar da waɗannan lambobi muna ce masa injin lamba. Aikinsa ɗaya ne: kada ya taɓa ba da lamba ɗaya sau biyu. Layinsa bai kai arba'in ba, amma Masta ya fi tsoronsa a kan duk sauran manhajar.

Na tuna ranar da ya koya mana dalili. Da azahar, rana na dukan kai, ya rufe ofis ya tasa mu a gaba a ƙafa har tashar lori. Ya tsayar da mu kusa da bukman, mai raba kujerun mota, ya ce mu yi kallo. Mutumin yakan duba takardarsa, ya ga kujera ta bakwai babu kowa, ya ba fasinja, sannan ya rubuta. Masta ya ce, "Abu nawa ya yi?" Samad ya ce ɗaya, ya ba da kujera. Masta ya ce, "Uku. Ya duba, ya bayar, ya rubuta. Yanzu ku kawo bukman na biyu a kan takardar nan. Wannan ya duba ya ga bakwai. Kafin ya rubuta, wancan ma ya duba ya ga bakwai. Wa zai hau cinyar wani har Kumasi?" Bukman ɗin ya ji mu, ya ce, "Alhaji, shi ya sa biro ɗaya ne a tashar nan, kuma a kunnena yake kwana."

Haka abin yake a cikin babbar kwamfutar da muke kira saba. Ba ma'aikaci ɗaya ne a cikinta ba. Akwai ayyuka da yawa da ke tafiya a lokaci guda, waɗanda a sana'ar ake ce wa zare. Kowane zare in yana son lamba, sai ya karanta ta ƙarshe, ya ƙara ɗaya, ya rubuta sabuwar. In zare biyu suka karanta a ƙiftawa ɗaya, lamba ɗaya za su tafi da ita. Don haka Masta ya sa wa injin kwaɗo: zare ɗaya ke shiga, ya gama abubuwan nan uku, ya fito, sannan na baya ya shiga. Kwaɗo yana kawo layi, layi yana kawo jira. Ya san da haka. Ya ƙara tsaro na biyu a wurin ajiya, wanda ke ƙin karɓar kowace lamba da ta riga ta wanzu.

Mun sha kawo masa wasu hanyoyi da muka karanta. Akwai doguwar lamba da ake zaɓa da ka, mai tsawon da da ƙyar biyu su yi karo, kuma ba ta bukatar layi. Ya ce, "Tana da kyau. Amma ranar da firinta ta mutu, nas za ta kwafe ta da biro a jikin kwalba mai faɗin yatsa. Je ki gwada ki dawo." Akwai wadda ake ginawa da agogo. Ita ma bai yarda da ita ita kaɗai ba, don ya taɓa ganin agogon saba ya koma baya bayan an ɗauke wuta. Kuma kowane canji, kafin ya fita, sai an yi masa abin da yake kira gwajin kasuwa: a saki zare da yawa a kan babbar saba su yi ta wawason lamba rabin yini, sannan a tace a ga ko an sami biyu iri ɗaya.

Akwai wata al'ada a ofishinmu da ya kamata in bayyana, don a kanta komai ya rataya. Kamar yadda ɗinkin mai koyo ke fita da sunan telan da ya koya masa, haka duk aikinmu ke shiga da sunan Masta. Mu rubuta, ya karanta, ya danna da mabuɗinsa, wato kalmar sirrinsa. Rajistar manhajar, wadda ke ajiye wa ya canza me, suna ɗaya ta sani. Yakan ce, "Sunana ne a ƙofa, sunana zai hau aikin." Mun ɗauki wannan girmamawa ce, kuma mun ji daɗin fakewa a bayansa.

Bara, yayan Masta ya rasu a Yendi. A lokacin aurena da Samad wata huɗu, kowa a ofis Amarya yake ce mini. Samad shi ne babba a cikinmu, kuma mafi kaifi. Masta ya rubuta kalmar sirrinsa a takarda, ya ninke ya ba shi, ya ce, "In gobara ta tashi kawai." Dama Dokta yana ta ƙorafi cewa da safe, lokacin da duk rassa ke neman sitika ɗari-ɗari a tare, abin yana jan ƙafa. Masta ya ce in ya dawo zai gyara: maimakon zare ya shiga layi don kowace lamba, za a ba shi ƙunshi guda, ya shiga layi sau ɗaya ya yi ta rabawa daga nasa. Ya tafi don mako guda, amma da yake shi ya zama babban gida, ya yi mako uku.

Kwana biyu da tafiyarsa Dokta ya kira ya ce baƙi za su zo daga Accra ranar Alhamis su ga manhajar. Samad ya kira ni teburinsa.

"Amarya, zo ki ga abu." Ya nuna mini awo biyu, injin da kwaɗo da injin ba kwaɗo. Na biyun ya ninka na farko ninki mai yawa. "Cale, abokiyata, dubi nan. Tsohon nan birki yake taka mana shekara da shekaru."

Na ce, "Ai ya ce mu jira, zai yi na ƙunshi."

"Yana Yendi yana cin tuwon makoki. Baƙi jibi za su zo. Ke kin taɓa ganin lamba ta zo biyu?"

"Ban taɓa ba."

"To."

Ban ce masa saboda kwaɗon ne ban taɓa gani ba, ko da yake na sani. Yana tsaye a bayana, hannunsa a kan kujerata, yana ƙanshin turaren da na zaɓa masa. A lokacin ina ganinsa kamar mazan cikin littattafaina, waɗanda tsofaffi ke hana su, daga baya a gane su ne da gaskiya. Na fi shi saurin bugawa, don haka ni na zauna. Ni na goge layin kwaɗon. Da muka ga tsaro na biyu ma yana rage gudu, ya ce shi ma a cire, ai injin ba ya kuskure, na cire. Na gwada a tsohuwar laftof ɗina, da zare ɗaya tak. Lambobi suka yi ta zuba, babu biyu iri ɗaya. Dole ne haka ta faru, tunda ba wanda ke wawaso da shi. Na ce saura gwajin kasuwa. Ya duba agogo ya ce rabin yini ba wasa ba ne, mu je mu ci wake da shinkafa kafin ta ƙare. Ya buɗe takardar Masta, ya karanta mini, na buga, na danna.

Ranar Alhamis baƙi suka yaba. Ranar Litinin da safe rassa biyar suka nemi sitika a tare.

Fuseina sunan yarinyar, 'yar mai koko ce a Nyohini, tana koyon ɗinki. Saura mako biyu a ɗaura mata aure, aka tura su gwajin da ake yi kafin aure. Kwalbarta ta ɗauki lamba ɗaya da ta wani mutum da aka ɗebi jininsa a reshen Tishigu, shi kuma yana da ciwon hanta mai yaɗuwa. Sakamakonsa ya shiga daga baya, ya hau kan nata ya shafe shi. Takarda ta fito da sunanta. Dangin ango suka aiko a dawo musu da kayansu. Kafin maganar ta kai bakin titi, ciwon hanta ya zama wata cuta daban, kuma an riga an sama mata mazan da ta samo ta a wurinsu. Uwarta ce ta nace aka sake gwaji a wani wuri, aka ga lafiyarta ƙalau. Amma waɗanda suka yi dakon labarin farko ba su zo ɗaukar na biyu ba. Angon ya auri wata kafin azumi.

Washegarin dawowar Masta daga Yendi Dokta ya tara mu. Ya ajiye kwalba biyu a kan tebur, lamba ɗaya. Ya juyo da allon kwamfuta, ga rajista, ga ranar da aka cire kwaɗo, ga suna.

"Masta, sunan wa ne wannan?"

Masta ya sauke gilashinsa daga goshi ya karanta layukan a hankali. Ya duba ranar. Duk wanda ke ɗakin ya san inda yake a ranar, in ban da Dokta. Bai dubi Samad ba, bai dube ni ba. Ya ce, "Nawa ne."

"Kai ka cire?"

"Sunana ne, Dokta."

Na jira mijina ya yi magana. Ya yi. Ya gyara murya ya ce, "Dokta, ka yi masa uzuri. Ga rashi, ga shekaru. Mu ma muna lura kwanan nan yana mantuwa." Ɗaya daga cikin ɗaliban ya sunkuyar da kai. Ni kuwa ina kallon igiyar takalmina. Dokta ya ce ba zai kai maganar hukuma ba saboda furfura, amma daga ƙarshen mako Samad ne zai riƙe aikin.

Da muka koma ofis Masta bai yi faɗa ba. Ya zauna, ya mai da kwaɗo, ya mai da tsaro na biyu, ya rubuta rabon ƙunshin da ya yi alkawari. Kafin la'asar ya gama. Ya saki gwajin kasuwa, ya zauna a gaban allo har ya ƙare, babu biyu ko ɗaya. Gudunsa ya kusa kama na Samad. Wannan injin ne ke aiki har yau, kuma shi Samad ya nuna wa mutanen Accra a zuwansu na biyu ya ce ga gyaran da ya yi wa ɓarnar tsoho.

Kafin ya miƙa aiki, Masta ya tace duk lambobin makonnin nan uku. Sau goma sha ɗaya aka yi karo, mutum ashirin da biyu. Dokta ya so a yi shiru tunda ba su yi ƙorafi ba. Masta ya ce, "Wanda aka ce masa lafiyarsa ƙalau ba zai yi ƙorafi ba. Kwanciya zai yi." Ya hau babur ɗinsa ya bi su ɗaya bayan ɗaya, har rugar masu nono a bayan gari, yana ce wa kowa an yi kuskure a wurinmu, ka koma a sake. Gidan su Fuseina ya bari a ƙarshe. Ya ce mini, "Amarya, gidan mata ne, ba zan shiga ni kaɗai ba. Ɗauko mayafinki."

Mun tarar da uwar tana wanke tukunyar koko a ƙofar gida, wajen ƙarfe goma na safe. Masta ya cire hularsa, ya durƙusa, mutumin da ya girme ta. Ya faɗi ko shi wane ne. Ta ɗago ta dube shi.

"Kai ne mai kwamfuta?"

"Ni ne, Mma."

"Yarinya na ba ya fita. Ba ya ci. Mashin ɗin ɗinki ma ya rufe shi da zani. Kai ka zo ka ce mini yi haƙuri?" Ta juyo gare ni. "Wannan 'yarka ne?"

Ya ce, "Ɗalibata ce."

"Yana da miji?"

"Tana da."

"To Allah ya kiyaye yarinyar nan daga hannunka." Ta ɗaga tukunyar ta watsa masa ruwan wankin a ƙirji. Maƙwabta suna tsaye suna kallo. Gasara tana gangarowa a farar rigarsa, bai goge ba, ya ce, "Kina da gaskiya, Mma." Ta labule na hango ido biyu suna kallonmu daga ɗaki. Tsakanina da uwar bai fi taku biyu ba. Kalma uku kawai ake bukata: "Ni na yi." Ban faɗa ba. Ta ma yi mini addu'a, na ce amin.

A hanyar dawowa ya tsaya a inuwar wani darbejiya ya kashe babur. Na fara kuka ina cewa Masta ni ce. Ya ce, "Na sani. Na san bugunki, ke kaɗai ke barin layi biyu kafin rufewa." Na tambaye shi me ya sa bai faɗa ba. Ya ce, "Ni na bar mabuɗi. Kuma in aka ce mace ce ta yi, ba mai ƙara kawo 'yarsa koyon aikin nan a garin nan." Ya matse gefen rigarsa. "Amma kada ki ɗauka na yafe. Ban kai can ba tukuna. In na kai zan gaya miki." Ya ta da babur.

Bai taɓa gaya mini ba, domin ban ƙara ba shi dama ba. Iyaye suka janye 'ya'yansu daga wurinsa. Ya saki ɗakunan nan biyu, ya koma gyaran firinta a zauren gidansa. Mu kuwa muka buɗe sabon ofis a Choggu, mai labule da na'urar sanyi. In zan je gidan babana a Tishigu, sai in ce wa mai yalo-yalo ya bi ta baya don kada in wuce ƙofarsa. Na yi shekara guda ina haka. Na karanta littattafai da yawa a shekarar, fiye da kowace shekara, don su kaɗai ke hana ni tunani. Ba zan ce mu muka kashe shi ba, ajali na Allah ne. Amma na san da wane suna ya yi shekararsa ta ƙarshe, kuma na san wa ya ɗinka masa shi.

Ranar addu'ar uku ina zaune cikin mata, na ji wata a bayana tana raɗa wa ta kusa da ita, "Shi ne fa na yarinyar Nyohini. Allah dai ya yafe masa." Da na je gaida Mma Memuna, ta riƙe hannuna da hannu biyu. Ta ce, "Amarya, ke da mijinki ku yafe wa babanku. Na san ya ja muku kunya a wurin aiki. Tsufa ne, ba halinsa ba ne." Ashe ko ita bai gaya wa ba. Ta kwana da shi shekara guda tana tsammanin hankalinsa ne ya fara tafiya, tana ɓoye masa mabuɗin babur.

Da muka koma gida na ce wa Samad zan rubuta. Yana cin abincin rana, bai ɗago ba.

"Rubuta me? Wanda ya mutu ya mutu. Shi da kansa ya zaɓa."

"Matarsa tana roƙon mu yafe masa."

"To ki ce kin yafe, ki sami lada." Da ya ga ban motsa ba ya ajiye cokali. "Amarya, wannan ba littafi ba ne. Yatsunki ne a kai, ba nawa ba. In kin fitar da maganar nan, ki tattara littattafanki ki koma Tishigu, kuma ba zan aiko biko ba."

A ɗakin da na tashi a gidan babana nake rubuta wannan. Kafin in fara, na je wurin Mma Memuna, don bai kamata ta ji a bakin wani ba. Na faɗa mata komai kamar yadda na faɗa a nan. Ta saurara har ƙarshe tana jan carbi. Sannan ta ce, "Kin ci kokonsa shekara biyu." Na ce eh. Ta ce, "Tashi ki tafi. Kada ki dawo sai na aika." Ba ta aika ba, kuma ba ni da bakin cewa ta yi. Daga can na wuce Nyohini. Uwar Fuseina ba ta watsa mini komai ba. Ta tambaye ni inda aka binne shi.

Saboda haka ga shaidata, a gaban Allah da mutanen Tamale. Masta Idirisu bai cire kwaɗon ba. Yana Yendi a ranar. Ni na cire, mijina na tsaye a kaina, da mabuɗin da aka ba mu amana. Hankalinsa bai taɓa raguwa ba. Duk wanda ya taɓa ɗaukar waccan magana ya kai wani gida, ina roƙonsa ya ɗauki wannan ya kai gidan.

Ya Allah, ka jiƙan bawanka Idirisu. Ka yalwata masa kabarinsa, ka haskaka shi, ka sa wulaƙancin da ya sha a madadinmu ya zama masa sutura ranar da asirai za su tonu. Ka yafe masa zafin harshensa da abin da mu ba mu sani ba. Ka ba Mma Memuna haƙurin rashi biyu, na mijinta da na shekarar da muka sace mata. Ka raya 'ya'yansa su ɗaga kai in an kira sunan ubansu. Ka ba Fuseina mijin da ya fi wanda ya tafi, ka buɗe mata ƙofar da muka rufe. Ka shiryi Samad. Ni kuma, ya Ubangiji, bawanka ya rasu ban ji daga bakinsa ba, kuma haƙƙinsa ne, ba na kowa ba. In ya kai ga yafewa kafin ya cika, ka karɓa. In bai kai ba, ka ba ni tsawon rai da aikin da zan zo masa da shi.

Allah ya sa Aljanna ce makomarsa. Amin.